Yadda na yi digirin digirgir a kan kayan da ke taimaka wa haƙori ya gyara kansa

A shekarun da na yi ina aikin likitan haƙori a wani asibitin gwamnati a arewacin Najeriya, haƙoran da na cire sun fi waɗanda na gyara yawa nesa ba kusa ba. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya hana su barci, kuma a lokacin da ciwon haƙori ya kai wannan matsayi, ruɓewar ta riga ta ratsa farin ɓawon da ke waje, ta ratsa ƙashin da ke ƙarƙashinsa, ta isa ɓargon da ke tsakiya, wanda jama'a suka fi sani da jijiyar haƙori. Daga nan zaɓi biyu ne kawai a gaban likita: ko dai a kwashe ɓargon baki ɗaya a wanke saiwar a toshe ta, aikin da ke cin kuɗi da yawan zirga-zirga, ko kuwa a cire haƙorin a huta. Mafi yawan marasa lafiya na biyun suke zaɓa, domin shi ne aljihunsu zai iya ɗauka. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne masu zuwa a tsaka-tsaki, ruɓewar ta kusa ɓargon ko ma ta ɗan buɗe shi, amma yana nan da ransa. Da a ce akwai abin da za a ɗora a kan wurin ya kare shi daga ƙwayoyin cuta, ya kuma zaburar da shi ya gina wa kansa sabon bango, da haƙorin ya tsira. Neman fahimtar irin wannan abu ne ya kai ni wata jami'a a Ingila a shekarar 2018, inda na yi digirin digirgir a fannin kayan da ake sanyawa a jikin ɗan Adam domin gyaran haƙori.

Matsalar kuwa ba tamu ba ce mu kaɗai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa kimanin mutane biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙori da ba a yi maganinta ba tana cikin cututtukan da suka fi yaɗuwa a doron ƙasa. Sannan ga batun cikon amalgam, wanda kusan rabinsa zaiba ce, kuma yarjejeniyar Minamata ta shekarar 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla domin rage illar zaiba, ta nemi ƙasashe su rage amfani da shi, har Tarayyar Turai ta hana shi daga farkon shekarar 2025 in ban da larura ta musamman. Wannan ya sa neman sabbin kayan ciko ya zama aiki na gaggawa a jami'o'i da kamfanoni.

Ba zan tsawaita a kan neman gurbin karatu ba, domin hanyarsa sananniya ce: rubuta takaitaccen tsarin binciken da mutum yake son yi, aika shi ga farfesoshin da aikinsu ya yi kusa da shi, neman tallafin karatu, jarrabawar Turanci, gwajin tarin fuka da biza. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zaɓen wanda zai kula da aikinka, domin a tsarin Ingila babu darussan aji masu yawa kamar yadda ake yi a Amurka, kuma shekara uku zuwa huɗu da ɗalibi zai yi duk a ƙarƙashin idon mutum biyu ko uku zai yi su. Ni na samu masu kulawa biyu, farfesa mace masaniyar kimiyyar gilashi, da wani likitan haƙori da ya koma binciken ƙwayoyin halitta. A rukuninmu akwai masana sinadarai da injiniyoyi da masana halittu, kuma likitocin haƙori su ne 'yan tsiraru.

A zamanmu na farko Farfesa ta tambaye ni dalilin da ya sa ƙashi yake ɗorewa idan ya karye, amma haƙori ba ya cike kogonsa da kansa. Amsar wannan tambaya ita ce tushen fannin baki ɗaya, kuma watannin farko na yi su ne ina karanta abin da aka rubuta a kanta. Farin ɓawon haƙori, wato inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, kuma kimanin kashi 96 cikin ɗari na nauyinsa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet da ake kira afatait. Ƙwayoyin halittar da suka gina shi suna ɓacewa da zarar haƙori ya ɓullo, saboda haka babu mai sake gina shi idan ya tafi. Idan ƙwayoyin cutar da ke baki suka ci sukari suka fitar da asid, har ma'aunin tsami na pH ya sauko ƙasa da kimanin 5.5, sai ma'adinin ya fara narkewa. Ƙashin da ke ƙasa, wato dantin, lamarinsa daban ne. Kimanin kashi 70 nasa ma'adini ne, kashi 20 yawanci kolajin, wato wani furotin mai zare-zare, sauran kuma ruwa, kuma cike yake da ƙananan bututu da suka taso daga ɓargo zuwa waje. Ƙwayoyin da suka gina shi suna nan jere a bakin ɓargon har tsawon rai, kuma idan rauni bai yi tsanani ba suna iya ƙara sabon dantin daga ciki. Idan kuwa raunin ya kashe su, sai wasu ƙwayoyin halitta na tushe da ke cikin ɓargon su taso su maye gurbinsu. Stan Gronthos da Songtao Shi da abokan aikinsu a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka su ne suka fara ware waɗannan ƙwayoyi daga ɓargon haƙorin manya a shekarar 2000, sannan a 2003 aka gano irinsu a haƙoran yara da suka famfare. Ke nan haƙori yana da magina a cikinsa, kuma aikin mai bincike shi ne ya samar da abin da zai tashe su ba tare da ya kashe su ba.

Likitoci sun daɗe suna wannan ƙoƙari. Tun a shekarun 1920 aka fara amfani da sinadarin kalsiyam haidiroksaid a cikin haƙori, kuma shi ne na saba ɗorawa a kan ɓargo a gida saboda arharsa, amma yana narkewa da tafiyar lokaci, kuma bangon da yake sa a gina sau da yawa yana da ƙananan ramuka da ƙwayoyin cuta ke bi. A shekarun 1990 Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda a Amurka ya samar da abin da ake kira MTA, wanda sinadaransa suka yi kusa da na simintin gini. Ya fi na farkon aiki, sai dai yana da tsada, yana ɗaukar sa'o'i kafin ya daskare, kuma irin da aka fara yi yana iya dusashe launin haƙori. Daga baya kamfanin Septodont na Faransa ya fitar da Biodentine, wanda yake daskarewa cikin kimanin minti 12. Aikina ya karkata ne ga wani abu daban, wato gilashi mai hulɗa da jiki, wanda Larry Hench ya ƙirƙiro a Jami'ar Fulorida a shekarar 1969, bayan wani kanal ɗin soja ya yi masa bayanin yadda jikin sojojin da suka ji rauni a yaƙin Biyetnam yake ƙin ƙarfe da robar da ake dasa musu. Gilashin Hench, wanda aka yi wa lamba 45S5, kashi 45 nasa silika ne, kashi 24.5 sodiyam oksaid, kashi 24.5 kalsiyam oksaid, kashi 6 kuma fosfet. Idan ya haɗu da ruwan jiki sai ya narke a hankali, ya saki kalsiyam da fosfet, afatait ya taru a samansa, har ya manne da ƙashi. Tambayar da aka ba ni ita ce, yaya za a sauya wannan haɗi ta hanyar ƙara fosfet da fulorayid domin ya dace da ɓargon haƙori.

Haɗa gilashi shi ne aikin hannu na farko da na koya, kuma har yanzu shi ne na fi so. Ana fara shi da lissafi a takarda, sannan a auna garin kowane sinadari a kan sikeli mai nuna ɗigo huɗu bayan giram, a gauraya su sosai, a zuba a cikin ƙoƙon filatinam, domin shi ne yake jure zafin ba tare da ya gurɓata gilashin ba. Ƙoƙon nan yana da tsadar da ta sa ake kulle shi, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya sa hannu a littafi. Ana saka shi a tanderu mai zafin kimanin digiri 1,400, a bar shi kamar sa'a guda. Ba na yin aikin ni kaɗai, dole ne mutum na biyu ya tsaya kusa. Idan lokaci ya cika, sai a sa rigar kariya mai ƙyalli da safar hannu masu kauri da garkuwar fuska, a buɗe ƙofar tanderun, a kama ƙoƙon da doguwar awartaki yana ja wur, a juye narkakken gilashin nan take cikin bokitin ruwan sanyi. Yana faɗawa sai a ji ƙara da tururi, ya farfashe ya zama tsakuwoyi masu sheƙi. Dalilin wannan gaggawa shi ne idan ya huce a hankali, sinadaran za su samu damar jeruwa cikin tsari su zama lu'ulu'u, kuma abin da ya zama lu'ulu'u ba ya narkewa a jiki yadda ake so. Bayan an busar da tsakuwoyin sai a niƙa su a inji, a tankaɗe da rariyar ƙarfe mai idanu ƙanana ƙwarai, kamar yadda ake tankaɗen garin tuwo, har sai an samu gari mai laushin da girman ƙwayarsa bai kai maikiron 38 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya).

Daga nan ne na fara fahimtar bambancin aikin asibiti da aikin bincike. A asibiti, idan na buɗe kwalbar ciko na yarda da abin da aka rubuta a jikinta. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, garin da na niƙa da hannuna ma ba a yarda shi ne abin da na yi niyyar haɗawa ba sai na kawo shaida. Sai an haska shi da na'urar hasken eksire an ga babu alamar lu'ulu'u, sai an auna girman ƙwayoyinsa, sai kuma an tabbatar da yawan fulorayid ɗin da ya rage a cikinsa, domin wani ɓangarensa yana iya tserewa a lokacin narkarwa. Bayan haka ne ake jiƙa garin a cikin wani ruwa da aka haɗa gishirinsa ya yi daidai da na ruwan jinin mutum, wanda Tadashi Kokubo na Japan ya tsara, a ajiye shi a zafin digiri 37 ana girgizawa, a riƙa ɗiba lokaci zuwa lokaci ana auna sinadaran da suka fita da kuma afatait ɗin da ya samu. Gilasan da na ƙara wa fosfet sun fi saurin samar da afatait, waɗanda ke da fulorayid kuma sun samar da irin afatait ɗin da ya fi jure asid, kamar yadda masu bincike da suka gabace ni suka nuna. Na yi murna da wannan sakamako, amma Farfesa ta tunatar da ni cewa ruwan gwajin nan ba shi da furotin, ba shi da ƙwayoyin halitta, ba shi da jini mai gudana, saboda haka abin da ya nuna somin-taɓi ne kawai.

Mataki na gaba ya buƙaci haƙoran mutane, kuma a nan na ga tsananin da doka take yi. A Ingila, dokar sassan jikin ɗan Adam ta shekarar 2004, wadda aka kafa bayan abin kunyar da ya faru a asibitin yara na Alder Hey a Libaful inda aka ajiye sassan jikin yaran da suka rasu ba da sanin iyayensu ba, ta shafi har haƙorin da aka cire. Ba a ɗaukar haƙori daga kwandon asibiti a kai ɗakin bincike. Sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin, sai mai haƙorin ya karanta takardar bayani ya sa hannu, sannan a ba haƙorin lamba a maimakon suna, a rubuta inda aka ajiye shi da ranar da aka yi amfani da shi da yadda aka zubar da ragowarsa. Samun amincewar ya ɗauki watanni, kuma a lokacin na ga kamar an tsaurara, amma a yau ina ganin wannan tsari yana daga cikin abubuwa mafi daraja da na koya, domin mutumin da ya ba da haƙorinsa yana da haƙƙin sanin abin da za a yi da shi.

Haƙoran da muka fi samu su ne matauna na can ƙarshen baki da ake cire wa matasa lafiyayyu saboda rashin wurin fitowa. Ana kawo su cikin ruwan magani mai sanyi, kuma dole a yi aikin a ranar. A cikin akwatin aiki mai tace iska, sai a wanke haƙorin, a yi masa tsagi a kewaye, a fasa shi biyu, a ciro ɓargon da ɗan hantsaki. Duk shekarun da na yi ina aiki a kan ɓargon haƙori, ban taɓa ganinsa cikakke a waje ba sai a ranar: ɗan zare ne mai laushi, launinsa tsakanin fari da ja, bai kai tsawon farce ba. Ana yayyanka shi, a narkar da abin da ya riƙe ƙwayoyin da wasu sinadarai, a zuba a kwalba mai faɗi da ruwan abinci mai ruwan hoda, a saka a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Kwanakin farko babu abin da ake gani. Daga baya sai a ga ƙwayoyi dogaye masu tsinin kai biyu sun manne a ƙasan kwalbar cikin ƙananan gungu, suna yaɗuwa har su rufe ta. Ana canja musu ruwa duk bayan kwana biyu ko uku, ba ruwansu da Asabar ko Lahadi ko ranar Sallah, kuma wannan ne ya tsara rayuwata na tsawon lokaci, har na saba zuwa ɗakin bincike bayan sallar asuba a lokacin sanyi, gari bai waye ba, domin in samu akwatin aikin kafin a yi layi.

Gwajin farko da na haɗa ƙwayoyin da ruwan da aka jiƙa gilashi a ciki ya nuna abin da ruwan Kokubo ya kasa nunawa. A inda na yi amfani da gilashin Hench da yawa, ruwan abincin ya sauya launi daga ruwan hoda zuwa shunayya, alamar cewa ya yi kaifin alkali, wato kishiyar tsamin asid, kuma washegari ƙwayoyin sun dunƙule sun saki ƙasan kwalbar suna yawo a matacce. Dalili shi ne sodiyam da kalsiyam ɗin da gilashin ke saki suna musanya da haidirojin ɗin ruwan, sai pH ya tashi, kuma a cikin kwalba babu jini mai gudana da zai kwashe su. Ƙa'idar duniya ta ISO 10993 kashi na 5 ta ce idan ƙwayoyin da suka rayu ba su kai kashi 70 cikin ɗari na waɗanda ba a taɓa ba, to abin yana da guba gare su. Wannan ne ya juya alƙiblar aikina. Ɗan alkali yana da amfani, domin yana kashe ƙwayoyin cuta kuma yana taimakon samuwar afatait, amma idan ya yi yawa sai ya kashe maginan da ake son tasarwa. Sai na koma tanderu na haɗa jerin gilasai da aka rage musu sodiyam mataki-mataki, na ga cewa rage sodiyam tare da ƙarin fosfet da fulorayid yana sassauta hawan pH, ƙwayoyin kuma suna rayuwa.

A ƙarshen shekarar farko akwai jarrabawar da take tantance ko ɗalibi zai ci gaba zuwa digirin digirgir ko zai tsaya a ƙasa da shi. Na rubuta rahoto, na zauna gaban malamai biyu da ba su da hannu a aikina. Tambayar da ta fi tsayawa a raina ita ce ta adadin mutanen da na samo ƙwayoyi daga haƙoransu. Ɗaya daga cikinsu ya bayyana mini cewa maimaita gwaji sau da yawa da ƙwayoyin mutum ɗaya ba ya nuna komai sai halin wannan mutumin, kuma in ana son magana a kan mutane to dole a samo daga mutane daban-daban, domin ƙwayoyin wani suna saurin yin ma'adini, na wani kuma suna nawa. Na ci jarrabawar, kuma duk gwaje-gwajen da suka biyo baya an gina su a kan wannan shawara.

Ina tsakiyar gwajin da ya fi kowanne tsawo ne annobar korona ta zo. Gwajin yana ɗaukar kwana 21, ana ciyar da ƙwayoyin ana jiran su fara ajiye ma'adini, a ƙarshe a zuba musu wani jan rini mai kama kalsiyam, duk inda ma'adini ya taru sai ya yi ja. A watan Maris na 2020 aka rufe ƙasar, aka ba mu ɗan lokaci mu daskarar da abin da za mu iya a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, sauran kuma aka zubar. Watannin da muka yi a gida na yi su ne ina rubuta babin nazarin ayyukan magabata da koyon lissafin ƙididdiga, ga kewar iyali da ke can gida ba halin zuwa. A wannan lokaci ne na karanta aikin rukunin Paul Sharpe na King's College da ke Landan da natsuwa. A shekarar 2017 sun nuna cewa idan aka jiƙa ɗan soson kolajin da maganin tideglusib, wanda aka taɓa gwadawa a kan cutar mantuwa ta Alzheimer, aka saka a ramin da aka yi a haƙorin ɓera, sai ƙwayoyin ɓargon su cike ramin da sabon dantin cikin makonni shida yayin da soson yake narkewa. Jaridu sun yi ta cewa an kusa daina cikon haƙori, amma wanda ya karanta aikin da kansa zai ga cewa ramin haƙorin ɓera ƙarami ne ƙwarai, kuma an yi shi ne a lafiyayyen haƙori, alhali ramin da ke zuwa asibiti babba ne, cike da ƙwayoyin cuta, ɓargon kuma ya riga ya kumbura. Aikin yana da girma a idona, kuma tazarar da ke tsakaninsa da bakin marar lafiya ita ma tana da girma.

Da aka buɗe ɗakunan bincike bisa tsarin karɓa-karɓa, na narkar da ƙanƙarar ƙwayoyin da muka daskarar na sake gwajin daga farko. Ranar da na zuba jan rinin na wanke, na ɗaga farantin a gaban haske, ramukan farantin masu ɗauke da ƙwayoyin da suka samu sabon gilashin sun yi ja sosai fiye da waɗanda ba su samu komai ba. Amma ko wannan sai da aka tace shi, domin gilashin da kansa yana sakin kalsiyam da zai iya kwantawa ya kama rini ko da babu ƙwaya ko ɗaya. Saboda haka na yi wasu ramuka masu gilashi ba ƙwayoyi domin kwatantawa, na kuma auna ko ƙwayoyin sun kunna ƙwayoyin gadon da aka san maginan dantin da su, musamman DSPP da DMP1. Sai da waɗannan shaidu suka haɗu sannan aka yarda in rubuta cewa gilashin yana karkata ƙwayoyin zuwa aikin gina dantin. A gefe guda kuma na yanka dantin faifai-faifai masu kaurin kimanin milimita ɗaya da zarto mai bakin daimon, na buɗe bututunsa da asid, na shafa garin gilashin, na duba a ƙarƙashin madubin elektiron mai girmama ƙananan abubuwa. Hoton farko ya nuna bakunan bututun a buɗe, baƙaƙe, jere cikin tsari, na bayan kwanaki kuma ya nuna su a toshe da siraran allurai na afatait. Toshe waɗannan bututu shi ne sirrin da yawa daga cikin man goge baki na masu jin tsamin haƙori, domin motsin ruwan da ke cikinsu ne yake taɓa jijiya, kamar yadda Martin Brännström na Suwidin ya bayyana a shekarun 1960.

Rubuta kundin ya ɗauki mafi yawan shekarar ƙarshe, babi yana zuwa wurin masu kulawa yana dawowa da gyare-gyare. Kare shi a Ingila ba a bainar jama'a ake yi ba, ɗalibi ne da masu jarrabawa biyu, ɗaya daga jami'ar, ɗaya daga waje, a ɗaki a rufe na tsawon sa'o'i, ana bin kundin shafi-shafi. Mai jarrabawar da ya zo daga waje ya karanta abin da na rubuta a gabatarwa game da asibitocinmu, sai ya tambaye ni yadda garin gilashin zai kasance idan ya yi wata shida a kantar asibitin da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, a lokacin zafi da kuma damina. Tambaya ce da ta dace ƙwarai, domin gilashin da aka ƙera don ya yi hulɗa da ruwa zai iya fara hulɗa da danshin iska tun yana cikin kwalba, kuma duk gwaje-gwajena an yi su ne da gari sabo da aka adana a busasshen wuri. Mun daɗe a kan wannan batu, har muka taɓo tarihin simintin gilas-ayonoma da Alan Wilson da Brian Kent suka bayyana a Landan a farkon shekarun 1970, wanda ake amfani da shi a hanyar ciko da kayan hannu kawai, ba wuta ba injin haƙa, da Jo Frencken ya fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Wannan siminti bai fi sauran kayan ciko ƙarfi ba, amma ya kai ga mutanen da sauran ba su kai ba, domin ya dace da halin da suke ciki.

An amince da kundin a shekarar 2022 bisa sharaɗin ƙananan gyare-gyare, kuma ɗaya daga ciki shi ne in ƙara sashe da ke bayyana iyakar abin da sakamakona ya tabbatar. Na rubuta a fili cewa ban gwada gilashin a jikin dabba ba, ban gwada shi a kan ɓargo mai kumburi ba, kuma har yanzu gari ne da ke buƙatar a mayar da shi abin kwaɓawa mai daskarewa cikin mintuna kafin likita ya iya riƙe shi a hannu. Tun da na dawo gida nake koyar da ɗaliban haƙori ilimin kayan ciko, kuma aikin da na fara da shi shi ne wanda za a iya yi da kayan da muke da su: na rarraba ragowar gilashin da na zo da shi cikin kwalabe iri-iri, wasu a zafin ɗaki, wasu a zafin digiri 40 da danshi kashi 75 cikin ɗari kamar yadda ake gwada daɗewar magunguna, kuma duk bayan wata uku ina aika samfuri ga tsohon rukuninmu su auna abin da ya sauya. A lokaci guda ina shirya takardun neman amincewar kwamitin ɗa'a na asibitinmu, tare da takardar bayani da Hausa ga duk wanda zai ba da haƙorinsa, domin mu fara tara haƙoran da aka cire bisa yardar masu su mu yi gwajin dantin a nan.